Kuɗin Goron da Ake Yi wa Kifin Shak

Kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya ba ya cizon kowa. Shak ne, irin wanda masana suka ara wa sunan wel, ƙatuwar dabbar tekun nan, saboda tsabar girman jikinsa. Tsawonsa kan kai mita 12, an ma taɓa samun wanda ya haura mita 18. Bayansa duhu ne da fararen ɗigo jere-jere, kowanne da irin zubin ɗigonsa, har da su ne masu bincike ke bambance wannan da wancan a hoto. Bakinsa ya fi mita ɗaya faɗi, cike da dubban mitsi-mitsin haƙora waɗanda ba ya morar su wajen ci. Tafiya yake yi sannu da baki a wangale, ruwa na kwarara ciki, yana tace ƙwan kifi da ƙananan halittun da ke yawo a saman teku. Maƙogwaronsa kuwa ƙuntatacce ne, ko ya so haɗiye mutum babu hanya. Shi ya sa a Ningaloo da ke yammacin Ostireliya, da tsibirin Mafia na Tanzaniya, da gaɓar Jibuti, 'yan yawon buɗe ido ke biyan kuɗi a kai su su yi iyo a gefensa. Mai bi masa a girma, wanda ke yawo a ruwan sanyi na Sikotilan da Ailan, yana kai mita 8 ko fiye, shi ma tata yake yi. A ɗaya ƙarshen kuma akwai wani ɗan shak da ke zaune can cikin zurfi daura da Kolombiya da Benezuwela, cikinsa na ba da haske a duhu, tsawonsa bai wuce santimita 20 ba. Tsakanin waɗannan akwai iri fiye da 500, kusan rabinsu ba sa kai mita ɗaya ko da sun tsufa.

Duk da haka, da an ambaci shak hoto ɗaya ne ke faɗo wa mutane a rai, har da waɗanda ba su taɓa ganin teku ba sai a talabijin: fiffike mai kusurwa uku yana keta ruwa, sai ihu, sai jini. An yi wa dangi guda kuɗin goro saboda laifin 'yan ƙalilan daga cikinsu. Tambayar ko shak na cin mutum daidai take da tambayar ko dangin kyanwa na cin mutum, alhali a dangin nan akwai zaki, akwai kuma magen da ke barci a kan buhun gero. Abin da hujjoji ke nunawa shi ne haɗarin ba ya bin girman jiki, ba ya kuma bin sunan dangi. Yana taruwa ne a inda abubuwa uku suka gamu: wani iri takamaimai, a wani irin ruwa, a daidai lokacin da mutum ke yin wani abu a cikin ruwan. In ɗaya ya kauce, da wuya a ji labarin komai. Biyu daga cikin ukun kuwa, wato yanayin ruwan da abin da ake yi a cikinsa, sau da yawa hannun ɗan Adam ne ke juya su.

Tun 1958 ake tara rahoton duk wani cizon shak da labarinsa ya fito a cikin wani kundi na duniya, wanda yanzu yake hannun gidan tarihin halittu na Jami'ar Florida a Amurka. Masu kula da kundin suna ware cizon da mutum ya jawo wa kansa, kamar masuncin da ke ƙoƙarin zare ƙugiya daga bakin kifin, ko mai nutso da ya ja masa wutsiya, daga cizon da ya zo babu tsokana. Na biyun shi ne abin tsoron. A 2023 an lissafa 69 a faɗin duniya, mutum 10 suka rasu, aka kuma ɗauki shekarar a matsayin mai muni. A 2024 an samu 47, mutum 4 suka rasu. Iri talatin da 'yan kai ne kawai aka taɓa tabbatar da sun ciji mutum haka siddan, kuma galibin mace-macen iri uku ne suka haddasa su: farin shak, da mai zanen damisa, da wanda ake kira bijimi. A wurin da ya fi ko'ina yawan cizo kuwa, wato gaɓar New Smyrna a gundumar Volusia ta Florida, ba waɗannan ne suka fi yin ɓarnar ba. Wasu ƙanana ne masu baƙin bakin fiffike, da ba su cika wuce mita ɗaya da rabi ba, suna bin garken 'yan kifaye a cikin kumfar igiyar ruwa, sai su cafki ƙafa ko hannun da ya gilma, su saki nan take. Yawancin waɗanda abin ya rutsa da su ɗinki ake yi musu a sallame su. Ke nan inda cizo ya fi yawa ba nan mutuwa ta fi yawa ba, kuma jimilla guda ba ta gaya wa mutum komai sai an rarrabe ta.

Farin shak shi ne wanda fim ɗin Jaws na Steven Spielberg ya mayar dodo a 1975, kuma gaskiya ƙirarsa ta dace da aikin. Manyan matan kan kai mita 6, nauyi wajen tan biyu, haƙoran sama faffaɗa masu tsinin zarto a gefe. Cikinsa ne fari, bayansa ruwan toka ne. Ya fi son ruwa mai ɗan sanyi irin na Afirka ta Kudu da kudancin Ostireliya da Kalifoniya, yana kuma iya riƙe ɗumin jikinsa sama da na ruwan da yake ciki, abin da yawancin kifaye ba sa iyawa. Da ƙuruciya kifi yake ci. In ya ƙasaita sai ya koma kan sil, dabbar nan mai kitse da ke shan hantsi a kan duwatsun gaɓa. Yakan lallaɓo ta ƙasa, inda duhun bayansa ya saje da duhun ruwa, ya taso a guje; a mashigin False Bay kusa da Cape Town an sha ɗaukar hotonsa ya fice daga ruwa ɗungurungum da sil a baki. To, mai wasan hawan igiyar ruwa da ke kwance a kan allonsa, hannuwa da ƙafafu na reto, yaya kamanninsa a idon mai kallo daga ƙasa? Wani bincike na Jami'ar Macquarie da ke Sidni a 2021 ya kwaikwayi irin ganin matashin farin shak, ya nuna cewa da wuya ya bambance inuwar mutum a kan allo da ta sil. Wasu masana kuma na ganin ba ruɗewa ba ce, ɗanɗanawa ce, domin dabbar da ba ta da hannu da baki take taɓa abin da ba ta gane ba. Ko wanne ne, abin da aka fi gani shi ne cizo ɗaya, sannan ya saki ya yi gaba. Masifar ita ce ɗanɗanon muƙamuƙi irin wannan kan tsinke babbar jijiyar jini ta cinya, kuma zubar jini ne ke kashe galibin waɗanda suka mutu. Sanin haka bai rage wa iyalan mamaci komai ba, amma yana da amfani ga mai ceto: wanda aka fito da shi da wuri, aka ɗaure masa gaɓar tamau sama da raunin, aka garzaya da shi asibiti, yana da kyakkyawar damar rayuwa.

Akwai kuma hujjar da ba ta shiga labarai, domin abin da bai faru ba ba labari ba ne. Masu bincike na Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Long Beach sun shafe shekaru biyu suna shawagi da ƙananan jirage marasa matuƙi a kan gaɓar kudancin jihar. A rahoton da suka fitar a 2023 sun ce a wurare biyu da matasan farin shak ke taruwa, kashi 97 cikin 100 na ranakun da suka duba sun tarar da kifin da mutane a ruwa ɗaya, kusa da juna, yawanci mutanen ba su ma sani ba. Da a ce nama yake ganin mutum, da gaɓar nan ta daɗe da zama kufai.

Mai zanen damisa ɗan ruwan ɗumi ne, yana kai mita 4 zuwa 5, ba ya kuma zaɓen abinci. Haƙoransa lanƙwasassu ne da ke iya fasa ƙoƙon kunkurun teku, an kuma sha farke cikinsa a tarar da gwangwani da lambar mota da guntun taya. Rashin zaɓen nan ne haɗarinsa. Amma a ganina wanda ya fi cancantar a yi hattara da shi shi ne mafi ƙanƙanta cikin ukun, wato bijimi, wanda da ƙyar yake wuce mita 3. Gajere ne kakkaura, mai daƙiƙin hanci da ƙananan idanu, kuma Allah ya hore masa abin da galibin 'yan uwansa ba su da shi: ƙodarsa da sauran gaɓoɓinsa na iya daidaita gishirin jikinsa, ya bar teku ya shiga ruwan daɗi ya zauna. An same shi a kogin Amazon har Iquitos ta ƙasar Peru, fiye da kilomita 3,000 daga teku. An kama shi a kogin Mississippi daura da garin Alton a 1937. A tafkin Nikaraguwa an daɗe ana zaton wani iri ne na dabam da ya maƙale a can, sai da aka riƙa sa masa alama aka gane ta kogin San Juan yake hawa da sauka. A kudancin Afirka ma da sunan kogin Zambezi ake kiransa. Matansa a bakin koguna suke haihuwa, a ruwa maras zurfi, mai laka, mai ɗumi, wato daidai inda mutane ke wanka da su da wanki da tsallaka dabbobi. A irin wannan ruwa ido ba ya aiki sosai, sai ya dogara da ƙamshi da motsi da wasu ƙananan ramuka a hancinsa masu jin ɗan lantarkin da jikin kowane mai rai ke fitarwa, waɗanda Stefano Lorenzini ɗan Italiya ya yi bayaninsu tun 1678. Hare-haren watan Yulin 1916 a jihar New Jersey, da suka kashe mutum huɗu cikin kwana goma sha biyu suka kuma dasa tsoron shak a zukatan Amurkawa, uku daga cikin hare-haren a wani ɗan rafi mai suna Matawan suka faru, nesa da buɗaɗɗen teku. Har yau masana na jayayya kan ko farin shak ne ko bijimi.

Birnin Recife na arewa maso gabashin Burazil ya fi ko'ina nuna yadda mutane ke haɗa abubuwan nan uku da hannunsu. Kafin shekarun 1990 ba a san gaɓarsa da matsalar shak ba. Daga 1992 kuwa an ciji fiye da mutum 60 a wani ɗan tsiri na gaɓar, fiye da 20 suka mutu. Halin kifin bai sauya cikin dare ɗaya ba. Ruwan ne aka sauya. An gina babbar tashar jiragen ruwa ta Suape kudu da birnin, aka yashe, aka toshe bakunan kogunan da bijimi ke haihuwa, sai masu bincike suka ga alamar ya koma bakin kogin Jaboatão, wanda ke fitowa daf da wuraren wankan jama'a. A kogin nan kuma akwai lokacin da wata mayanka ke zubar da jini da tarkacen yanka. Jiragen da ke shigowa suna watsar da shara, mai zanen damisa na biye da su, ga kuma wani kwari mai zurfi da ya bi gefen gaɓar, wanda ya zame wa manyan kifaye hanya. Makamancin haka ya faru a Sharm el-Sheikh ta Masar a watan Disamban 2010, inda cikin 'yan kwanaki aka raunata masu yawon buɗe ido huɗu, wata Bajamushiya ta mutu. Masanan da aka gayyato sun danganta abin da gawarwakin tumaki da wani jirgin dakon dabbobi ya zubar a Bahar Maliya, da kuma ɗabi'ar wasu masu nutso ta ciyar da kifaye da hannu, har kifi ya koyi cewa inda mutum yake nan abinci yake.

Masu kare shak suna da wata hujja da suke yawan jefowa: sarar maciji na kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cizon mahaukacin kare na kashe wajen 59,000, shak kuwa bai kai goma ba a yawancin shekaru. Ƙorafi na farko shi ne, mai hankali zai ce wannan lissafin dokin rano ne, kuma yana da gaskiya. Manomin da ke shiga gona kullum yana tare da kububuwa ko ya so ko ya ƙi, alhali mafi yawan mutanen duniya ba sa taka ruwan teku ko sau ɗaya a shekara. Ba daidai ba ne a raba mutuwa goma a kan mutum biliyan takwas a ce ga haɗarin kowa. Ma'aunin gaskiya shi ne a tsaya a kan waɗanda ke shiga ruwan. To ko a nan ma lissafin bai juya ba. A gaɓoɓin Amurka, jan ruwan da ke fizgar mai wanka daga gaɓa zuwa cikin teku yana kashe wajen mutum ɗari a shekara, shak kuwa ɗaya ne ko biyu, wata shekarar ma babu. Florida na karɓar baƙi fiye da miliyan ɗari a shekara, da yawansu don bakin teku suke zuwa, amma cizon da ake lissafawa bai cika wuce ashirin zuwa talatin ba. Wanda ya shiga teku yana leƙen fiffike bai kula da jan ruwa ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Kundin Florida abin da aka kai masa rahoto kawai ya sani, kuma rahoto daga ƙasashe masu asibiti da jarida da jami'an ceto yake fitowa. Masuncin da ya faɗa daga kwalekwale a wani lungu na tekun Indiya, ko waɗanda jirginsu ya nutse a tsakiyar teku, ba lalle sunansu ya shiga ba. Tarihi ma ya ba da shaida. A ranar 30 ga Yulin 1945 wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya nutsar da jirgin yaƙin Amurka mai suna Indianapolis. Wajen mutum 900 ne suka faɗa ruwa da rai, suka kwashe kwana huɗu ba wanda ya san halin da suke ciki, 316 kacal aka tsamo. Ƙishirwa da raunuka da shan ruwan gishiri ne suka kashe mafi yawa, amma waɗanda suka tsira sun ba da labarin shak na ɗauke gawa da masu rai. Wanda aka fi zargi shi ne mai farin bakin fiffike, ɗan tsakiyar teku, inda abinci ke wuya har ya saba da rashin barin duk abin da ya samu yana yawo a ruwa. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a ɗauka cewa adadin da aka rubuta ya gaza ainihin abin da ke faruwa. Sai dai ko an ninka shi sau goma, mace-macen ba za su wuce ɗari ba a shekara. Labarin Indianapolis kuma bai rushe maganar farko ba, ƙarfafa ta ya yi: irin nan da wuya ya kusanci gaɓa, bai zama annoba ba sai da yaƙi ya zuba masa ɗaruruwan raunanan mutane a gidansa.

Ƙorafi na uku ba a amsa shi da lissafi. Tsibirin Riyuniyon, mallakin Faransa a tekun Indiya, mutanensa ba su kai miliyan ɗaya ba, amma tsakanin 2011 da 2019 shak ya kashe mutum 11 a gaɓarsa, har da yarinya 'yar shekara 15 da ke wanka 'yan mitoci daga tudu, da yaro ɗan shekara 13 mai wasan hawan igiyar ruwa. A 2013 hukuma ta hana wanka da wasan a mafi yawan gaɓar, masu otal da makarantun koyon wasan suka tafka asara, gari ya rabu biyu tsakanin masu cewa a kashe da masu cewa a bari. Duk wanda ya je wa mutanen nan da zancen cewa kare ya fi shak kisa a duniya ya raina musu hankali. A wurinsu haɗarin na gaske ne, kuma wanda maciji ya sara ba a ganin laifinsa in ya guji baƙin tsumma. Amma a dubi abin da ya faru da kyau: yawancin hare-haren a yammacin tsibirin suka taru, yawancinsu bijimi ne, da dama a ruwan da ya gauraye bayan ruwan sama ko da yamma liƙis. Ba duk tekun Indiya ne ya haukace ba. Maƙwabciyarsu Morishiyos, mai tazarar wajen kilomita ɗari biyu, ba ta ga irin wannan ba. Da yake ciwon na wuri ɗaya ne, maganin ma na wurin aka nema: raga a wasu wuraren wanka, masu nutso da ke gadin 'yan wasa daga ƙarƙashin ruwa, da ƙugiyoyi masu aika saƙo da zarar sun kama, a je a duba, in ba irin da ake nema ba ne a sake shi da rai. Bayan 2019 an shafe shekaru ba a sake rasa rai ba.

Maganin da ya fi saurin zuwa bakin 'yan siyasa bayan kowane hari shi ne a fita a karkashe su, kuma an gwada. Hawayi ta kashe shak 4,668 tsakanin 1959 da 1976, masanan da suka bi lissafin daga baya ba su ga wata raguwar cizo da za a iya aunawa ba. Dalili kuwa, mai zanen damisa matafiyi ne da ke keta ɗaruruwan kilomita. Wanda aka kashe yau ba lalle shi ne ya yi ɓarnar jiya ba, gobe kuma wani zai iso. Jihar Yammacin Ostireliya ta kafa ƙugiyoyi a 2014 bayan mace-macen da aka ɗora wa farin shak, ta kama shak 172, kusan dukkansu masu zanen damisa, babu farin ko ɗaya, aka watsar da shirin. Adalci ya sa a faɗi cewa ragar da aka fara kafawa a Sidni a 1937 da Durban a 1952 ta rage mutuwa a wuraren da take. Sai dai ba katanga ba ce kamar yadda masu wanka ke zato. Guntaye ne da ake shimfiɗawa nesa kaɗan da gaɓa, kifi na wucewa ta ƙasa da ta gefe, wasu ma a hanyarsu ta komawa teku suke faɗawa ciki. Aikinta rage yawan manyan kifayen yankin ne ta hanyar kashe su, tare da kunkurun teku da dolfin da ba su ji ba su gani ba. A Recife kuwa, lokacin da aka riƙa kama masu zanen damisa ana kai su can cikin teku a sake su, cizo ya ragu ƙwarai muddin shirin na tafiya, kuma alamomin da aka sa musu sun nuna yawancinsu gaba suka yi, ba su dawo ba.

Abin da ya sa kisan gayya ke da tsada shi ne shak ba ya hayayyafa irin ta sauran kifaye. Maimakon zuba miliyoyin ƙwai, yawancinsu 'ya'ya kaɗan suke haifa bayan dogon ciki. Akwai ƙaramin irin da ke ɗaukar ciki kusan shekara biyu. Na tekun Girinlan ya fi kowa nawa: binciken da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa babbar da aka auna ta yi aƙalla shekara 272, wataƙila ma kusan 400, kuma matan ba sa fara haihuwa sai sun kai wajen shekara 150. Dabba irin wannan in aka kwashe ta ba ta dawowa da wuri. Ana kuwa kwasarta. Boris Worm na Jami'ar Dalhousie a Kanada da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2013 cewa ana kashe shak wajen miliyan 100 a shekara, wasu don fiffiken da ake miya da shi a Sin da Hong Kong, wasu don nama da man hanta, da yawa kuma tsautsayi ne ke jefa su a ƙugiyoyin da aka ɗana wa kifin tuna. Gaɓar Afirka ta Yamma na cikin cinikin, daga Senegal har Ghana: fiffike ya tafi Asiya, naman da aka yi wa gishiri aka shanya ya shiga kasuwannin yankin. Wani bincike na 2021 ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun 1970, mai farin bakin fiffiken nan da ya addabi sojojin Indianapolis yana cikin waɗanda ke daf da ƙarewa. Peter Benchley, wanda ya rubuta littafin da aka yi fim ɗin Jaws da shi, ƙarshen rayuwarsa a fafutukar kare shak ya yi shi.

Cape Town ta bi wata hanya mai arha. Tun 2004 ake ajiye masu gadi a kan dutsen da ke kallon gaɓar Muizenberg da ke False Bay, da tabarau mai rage ƙyallin ruwa da madubin hangen nesa da rediyon hannu. In mai gadi ya hango duhun farin shak ya doso, sai ya sanar da na ƙasa, a busa jiniya, a ɗaga farar tuta, kowa ya fito. In kifin ya wuce a koma wanka. Ba a kashe komai, an kuma sama wa matasan unguwannin yankin aikin yi. Dabarar tana da iyaka: sai inda akwai tudu mai tsawo da ruwa garau, sai kuma irin da ke yawo kusa da saman ruwa. Ba za ta yi aiki a kan bijimi a cikin lakar bakin kogi ba, shi ya sa Recife da Riyuniyon suka nemi tasu. A False Bay ɗin ma al'amari ya sauya ta inda ba a zata ba. Daga wajen 2017 aka fara tsintar gawarwakin farin shak a gaɓar Gansbaai da ke gabas da mashigin an farke su an cire hanta, aikin wasu dabbobin oka guda biyu, wato manyan maharban teku dangin dolfin, da suka ƙware a farautarsu, kuma cikin 'yan shekaru farin shak ya yi ƙaranci ƙwarai a yankin. Masana na muhawara kan ko oka ne kaɗai ya kore su ko har da yawan kamun kifayen da suke ci. Masu gadi dai suna nan a kan dutse, sai dai abin da suka fi hangowa yanzu wani iri ne mai launin tagulla, wanda bai kai farin girma ba, bai kuma kai shi haɗari ba.